Babbar riga a kan dutse

Asabar da dare, unguwar Danau Kota

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yanzu muka dawo daga Cameron Highlands, taron ƙungiyarmu ta Hausawa. Da na ji an ce taro, sai na saka babbar rigata ta shadda da takalmin fata. Ashe dutse za a hau, a can sama za a zauna.

Dakta Bashir, ɗan ƙungiyarmu, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ɗaurin aure ake yi a saman?" Na ce masa tun yana haddar karatu nake hawa benayen kasuwar Chow Kit da dilar kaya a kai.

Ba mu yi rabi ba ruwa ya sauko. Riga ta jiƙe ta yi nauyi, takalmi sai santsi, numfashi ya ƙi. Shi ɗin dai ya dawo ya miƙo mini hannu.

Da jaka ɗaya na zo ƙasar nan, ban taɓa kama hannun kowa ba. Yau na kama, a gaban jama'a. Abin da ya fi damuna, har muka sauko bai ƙara tsokanata ba.