Tokar Bayan Shago

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da kake ɓoye mana. Mu nan lafiya lau. Maigidana ya warke daga tarin, har ya koma shago yana cika wa mutane kunne kamar da.

Yaya, na daɗe ina juya biro kafin in fara, domin maganar amanarka ce. Mai Tabo, jar saniyar da ka bar mini da za ka tafi, ba ta nan tun ranar Talata. Maraƙarta na da rai, kuma in ba don Allah ya kawo 'yarka ba, da ita ma ta bi uwar. Eh, 'yar taka da kake kira likitar awaki tun da ta ƙi karatun likitan mutane, wadda shekara huɗu ke nan gaisuwarku ba ta wuce ta fatar baki ba.

Laifin nawa ne. Ka tuna yadda marigayi Baba yake ƙona ƙasusuwa, ya daka tokar da gishiri, ya zuba wa shanu su lasa don ƙarfin ƙashi. Haka nake yi, har mahaucin layinmu ya tashi na rasa ƙashi. Sai na ce toka ai toka ce, na koma ɗiba a bayan shagon mai gyaran fitilun caji, inda yake ƙona shara. Shekara biyu ina yi. Saniya ta fara ramewa, ga shan ruwa ba ji ba gani, ga yawan fitsari, sannan ɗingishi. Ni kuwa da na ga ƙafa ta yi rauni sai na ƙara mata tokar, wai ni mai magani. Wata safiya ta yunƙura za ta tashi, ƙashin ƙafarta ya karye, ba wanda ya taɓa ta.

Da ka ga 'yar taka da ta zo ranar, da ka daina yi mata ba'a. Da kayanta masu kyau ta durƙusa cikin kashin shanu, tana latsa haƙarƙarin saniya tana rarrashinta. Ta sa na lissafa mata duk abin da suke ci, ba ta katse ni ba. Da muka zo kan kwanon lasa, ta tona tokar da tsinke, sai ga ɓawon ƙonannen batir. Ta ɗebi jini da fitsari da tokar ta kai gwaji. Da ta dawo ta zaunar da ni ta ce gubar wani ƙarfe ce, kadmiyam, da ke cikin wasu tsofaffin batura. Ƙoda take fara lalatawa, sai abin da ke gina ƙashi ya riƙa zurarewa ta fitsari, jiki kuma ya koma yana ɗiba daga ƙashin, har ya zama kamar itacen da gara ta ci. Ta ce gubar kan yi shekaru a jiki, kuma ba allurar da za ta wanke ta.

Na fashe da kuka, amma ko kallon banza ba ta yi mini ba. Cewa ta yi dabarar kakanta Baba daidai ce, tokar ce aka canza. Da ta ga saniya ba za ta tashi ba, ta sa aka yanka ta don ta huta. Maƙwabta suka zo da kwanoninsu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba su haƙuri, ta ce hanta da ƙoda nan gubar take taruwa, ba mai cin ko tsoka ɗaya. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne. Mai gyaran fitilu ma ta same shi da lalama, yanzu a durom yake tara baturan. Maraƙar kuwa ta canza mata turke da abinci, tana zuwa duba ta duk bayan kwana biyu. Jiya na ga maraƙar tana tsalle.

Bayan an binne saniyar na tambaye ta me ya kai ta wannan karatu. Ta ce tana 'yar shekara bakwai ta leƙo ta gan ka zaune kusa da kakar Mai Tabo tana shure-shuren mutuwa, ka rasa abin yi, ka rufe fuska da hularka don kada a ga hawayenka. Tun ranar ta ƙudura ba za ka sake zama haka ba. Ta roƙe ni kada in gaya maka, ga shi na karya alkawari, kuma ban yi nadama ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da tagwaye, da Kawu in yana nan wajenku. Maigidana yana gaisuwa. 'Yarka ta ce in gaya maka likitar awaki tana gaishe ka, kuma ta ce a ba ka haƙuri, ba ta iso da wuri ba. Lambarta ba ta canza ba, Yaya.

Taka har kullum,
Ƙanwarka