Ranar da Baffa Ya Zaɓa Mini

Surat, watan Kartik

Didi Sulochana, yayata, na taɓa ƙafafunki don girmamawa. Ya jikin Mama? Saniyarmu ta haihu?

Ni lafiya lau, kada ki tayar mata da hankali. Injin saƙa ne ya ɗan ci hannuna, yatsu biyu kawai. Har na fara cin abinci da kaina.

Ina jinya na gaya wa pandit, malamin addini na unguwarmu, ranar da na baro gida. Ya buɗe panchang, littafin ranaku, ya dube ni ya ce, "Kai, wa ya tsane ka haka? Juma'a, wata ya ɓuya, kuma ka nufi yamma!"

Didi, Baffa Dinanath ne ya buɗe nasa littafin a gabanmu kafin in taho, ya ce ranar albarka ce. Ya san ba mu iya duba shi ba. So yake gonar Baba ta rasa mai tsaro.

Kada ki bari ya tsayar da ranar auren ƙanwarmu Phulwa. Kada kuma ya ga komai a fuskarki, ki ci gaba da kai masa shayi. Kullum ina koyon karanta layi ɗaya na panchang. Ranar biki, gaban dangi, zan buɗe masa shafin ranar da na baro gida ya karanta da ƙarfi, kuma ba zai tsallake ko layi ɗaya ba.

Ƙaninki,
Ramashish