Katin Asibitin Auta

Litinin

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Na kashe wayata tun ranar da na ji muryata a intanet, ina kuka ina gaya wa ƙawata abin da na tarar a falo. Ita kaɗai na tura wa saƙon, amma kafin la'asar duniya ta ji. Yanzu takarda kawai na yarda da ita.

Yau wata huɗu da ƙanena Auta ya kashe Baba. Na rubuta shi ƙarara don in saba, tunda kowa ya saba da faɗinsa ban da ni. Har yanzu mutane na zuwa suna jingine hotunan Baba a ƙofar gida. Shekara ashirin da shida yana fitowa a talabijin a matsayin Baban Kowa, yana sasanta 'ya'ya da iyayensu a cikin wasa, to yanzu kowa ya zama maraya. Wata mata ta riƙe ni a kasuwa tana kuka, wai ba zan gane irin rashin da ta yi ba. Ni na ba ta haƙuri, Gwaggo.

Ga dalilin rubutuna. An fara shari'a, kuma lauyan gwamnati hukuncin kisa yake nema. Lauyanmu ya ce hanya ɗaya ce ta tsira da ran Auta: a nuna wa kotu ciwon ƙwaƙwalwarsa ya daɗe, ba bayan kisan aka ƙirƙiro shi ba. In an nuna, asibiti za a kai shi maimakon igiya. Ni na san ya daɗe. Ina gidan lokacin da ya fara toshe kafar makulli da auduga yana ɗan shekara goma sha bakwai. Da idona nake ganin Baba na ɗaukarsa a mota duk ƙarshen wata, su yi tafiyar awa uku zuwa asibitinku, su dawo da magani a kwalbar da aka ɓare wa takarda. Amma lauya ya rubuta wa asibitin, sun amsa cewa ba su da majiyyaci mai wannan suna. Likitan da ke duba shi kuma ya rasu bara.

Gwaggo, shekara talatin da ɗaya kike a ɗakin kati na asibitin nan. Ko ƙuda bai isa ya ga likita ba sai ya bi ta tagarki. Ina katin Auta?

Ki huta lafiya.
'Yarki

Alhamis

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa da sauƙi, haƙuri kuma ya zama dole.

Game da tambayarki, amsar asibiti ita ce amsata. Ni na duba rajista, ni na buga amsar, shugaban asibiti ya sa hannu. Babu kati mai wannan suna.

Yanzu bari in yi miki magana ba ta ofis ba. Ke ubanki ne, ni kuwa yayana ne tun kafin a yi tunanin haihuwarki. Shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta in ruwa ya cika hanya. Shi ya tsaya a kaina na samu aikin nan lokacin da duk dangi suka ce in zauna a gida. Mutumin da ya yi min wannan aka daɓa wa wuƙar yanka albasa da hantsi, yana zaune yana ɗaura agogo. Kuma kike so in tashi da gurguwar ƙafata in nema wa wanda ya yi hakan mafita.

Kin san akwai talabijin a zauren jira, daidai saman tagata. Tun da abin ya faru suke maimaita tsofaffin shirye-shiryensa. Daga ƙarfe takwas har a tashi muryar Yaya nake ji yana cewa, "To, ku zauna mu yi magana," ni kuma ina miƙa wa mutane kati. Jiya wata tsohuwa a layi ta ce, "Da ni ce alƙali a filin ƙwallo zan sa a rataye yaron nan, kowa ya gani." Na miƙa mata katinta, amma ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta amsa mata.

Ki bar shari'a ta yi aikinta. Ki riƙa cin abinci, an ce min kin zube. Kada ki sake rubuta min sunan yaron nan.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

Laraba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma ji faɗanki. Abinci ina ci daidai yadda zai wuce.

Kin ce in bar shari'a ta yi aikinta, to bari in ba ki labarin aikin nata. Jiya sai ta ƙofar baya 'yan sanda suka shigar da ni, saboda masu kwalaye sun cika gaban kotun. Wani ya zana igiya a nasa. Wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba ta rubuta, "Ya kashe mana uba." A ciki kuwa ko wurin tsayuwa babu.

Aka shigo da Auta da ankwa. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Bai dubi kowa ba, silin yake ta bi da kallo, kusurwa bayan kusurwa. Alƙali ya tambaye shi ko ya fahimci abin da aka karanta masa. Sai ya ce, cikin ladabin nan nasa, "Ranka ya daɗe, na fahimta. Amma don Allah ina aka ɓoye kyamarar? Kuma yaushe za a tashi daga ɗaukar shirin, in je in ɗauko Baba?"

Gwaggo, dariya aka yi. Kotu guda ta kwashe da dariya, har alƙali ya buga tebur. Wani daga baya ya ce, "Kai, ɗan gado ne!" Kafin in isa gida maganar ta cika gari, har mai gadin makarantarmu ya tare ni da ita: wai ɗan ɗan wasa ne, wasa yake yi. Lauyan gwamnati ma a kanta ya tsaya. Ya ce yaron da ya tashi a gaban kyamara ba zai rasa yadda ake kwaikwayon hauka ba, kuma a shekara ashirin da shida na rayuwarsa babu takarda ko ɗaya da ta ce ya taɓa ciwon kai. Likitan da kotu ta turo ya ce yanzu dai ba shi da lafiya, amma ba zai rantse a kan ranar da abin ya faru ba sai ya ga tarihi.

Abin da Auta ya yi imani da shi ke nan: wai Baba na gaskiya yana cikin talabijin an rufe shi, wanda ke gida kuwa wani ne aka ɗauko haya aka sa masa fuskar Baba. Tun kafin abin ya faru yake gaya min, ina cewa ya bar shirme.

Na karanta takardarki sau biyar. Tun ina ƙarama ban taɓa kama ki da ƙarya ba, kin dai iya taka gefenta ki wuce. Ba ki ce bai taɓa zuwa ba. To da wane suna aka buɗe masa katin?

Ki gafarce ni in na yi rashin kunya.
'Yarki

Lahadi

'Yata,

Na amsa gaisuwarki. Rashin kunya kam kin yi, amma a gida kika same ta.

Kwana uku takardarki na cikin jakata ina zuwa aiki da ita. Zan gaya miki, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Shekara tara da suka wuce Yaya ya zo tagata sanye da baƙin tabarau, yaron na bayansa yana magana shi kaɗai. Ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanwata, in sunan nan ya shiga rajista, gobe yana jarida. Za a ce mai gyara gidajen mutane nasa ya rushe. Yara arba'in ke cin abinci a shirin nan. Ki rufa min asiri." Layi na jira, sunan da ya zo bakina shi na rubuta. Sunan ɗana ne, wanda ya rasu yana wata bakwai, shekara ɗaya aka haife su da ƙaninki. Ban yi tunani ba. Tun daga nan duk ƙarshen wata ni nake leƙowa ta taga in kira sunan ɗana da ƙarfi, ƙaninki ya amsa.

Fayil ɗin na nan, ya yi kauri. Duk abin da lauyanku yake nema yana ciki da rubutun likita, har maganar fuskar haya.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba. Wata uku kafin rasuwar Yaya suka daina zuwa. Na kira shi, ya ce maganin na sa hannun yaron karkarwa, fuskarsa ta kumbura, ga shi za a ɗauki shiri na musamman da iyalinsa a ciki, ba ya son a ga alama. Ya ce da an gama zai dawo da shi. Na ce, "Yaya, likita ya hana a tsayar." Ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Ke da katinki." Na rubuta ranar a bangon fayil, na mayar da shi ma'ajiyarsa, na yi shiru.

Yanzu ki duba abin da kike nema a wurina. In tsaya gaban mutanen da ke kuka dominsa in ce Baban Kowa ya ɓoye ɗansa shekara tara, ya kuma hana shi magani don kyamara. Suna kaɗai ya rage masa a duniya, ni ce zan cire masa shi? Ni kuma saura wata takwas in yi ritaya, za a kore ni da sunan mai rajistar ƙarya, in ma ba a ɗaure ni ba. Duk don wanda in na rufe ido hannunsa nake gani.

Ba zan iya ba. Ki ƙona takardar nan.

Gwaggonki

Alhamis

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya jiƙan ɗan'uwana da ban sani ba, ya kai haske kabarinsa.

Ban ƙona ba, ban kuma nuna wa lauya ba. In na nuna masa, sammaci zai sa a kawo miki har taga, a gaban layi. Ba na so a yi miki haka.

Ba ke kaɗai kika yi shiru ba. Na ga hannun Auta ya daina rawa, na yi murna, na ɗauka sauƙi ne. Ni na goge masa rigar da ya sa ranar ɗaukar shirin, na ce masa ya yi kyau. Da ya fara maganar fuskar haya ina sauri ne, jarrabawar yara na jirana.

Kada ki zaci na yafe masa. Jiya na je gidan yari da niyyar in zage shi ko na samu sauƙi. Aka fito da shi, ya zauna ya ce, "Yaya, kin rame. Baba ya kira ki kuwa? Ki ce masa na kori mutumin, ya dawo gida." Na rasa wanda zan zaga. Ina ƙinsa, ina tausayinsa, kuma shi kaɗai ya rage min wanda muka fito ciki ɗaya.

Baba na son a so shi, ni ma na sani. Amma duk ƙarshen wata na shekara tara shi ya tuƙa motar nan da kansa, awa uku zuwa awa uku dawowa. Ban yarda wannan mutumin zai zaɓi sunansa ya zauna da tsabta a rataye masa ɗa ba.

Ranar Talata lauyanmu zai rufe kariya. Bayan nan ba a karɓar shaida. Zan jira direban Litinin. In ya zo hannu rabbana, ban san abin da zan yi da takardarki ba, kuma ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki

Litinin

'Yata,

Na amsa.

Yau da safe na shiga ofishin shugaba na gaya masa komai, na ajiye masa makullin ɗakin kati a kan tebur. Ya kulle fayil ɗin a wurinsa, ya ce da kansa zai miƙa wa kotu. Lambar fayil ɗin na bayan takardar nan, ki kai wa lauya yanzu.

Zan shigo motar farko gobe. Kada ki tare ni, kuma ta ƙofar gaba zan shiga. Abin da aka tambaye ni zan faɗa, har na Yaya.

Abu ɗaya nake roƙo. In an zo karanta sunan da ke kan katin, ki ce wa lauya kada ya bari magatakarda ya karanta. Ni na raɗa shi, ni zan faɗa.

Gwaggonki