Dabinon da Ka Dasa a Gonar Aro

Zuwa ga mahaifina, Malam Agali,

Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da kai, na rubuto ne don in shaida maka dabinonka ya yi 'ya'ya bana har reshe na rinjaya.

Baba, har yau a Farin Dutse ana tuna ka da amawalinka da gwangwanin nan na ƙwallayen dabino. Ka ci, ka tsotse, ka jefa ciki. Inna ta yi ta tsiya, wai mutane na tara hatsi kai kana tara abin da ko akuya ba ta so. Ni ma dariya nake, ban san gonar Malam Sule da kake nomawa ta aro ba ce, kuma baƙo ba ya dasa itace a gonar aro.

A goye aka shigo da kai cikin ayarin gishiri, ba ka san wani gari ba sai wannan. Amma da aka samu 'yancin kai, wani ma'aikaci ya zo daga Birnin Kudu ya yi bayani cewa wanda ba a haifi uwarsa ko ubansa a ƙasar nan ba, sai ya nemi zama ɗan ƙasa. Ka tura saƙo can arewa, aka ce babu wanda ya san ka. Nan ba naka ba, can ba naka ba. Na ga ranar da ka fara ɗaure kayanmu, Inna tana tambayar ina za mu, kai kuwa kana ta ɗauri. Wallahi na ji tsoro, Baba.

Sai ga Malam Sule da hantsi, da fartanya a kafaɗa, dagaci na biye da shi. Bai yi dogon zance ba, dama ba ya yi. Cewa ya yi, "Agali, ɗauko gwangwanin nan naka."

A tsakiyar gonar ya haƙa ramin da kansa. Ka ɗauko ƙwallon dabino ka saka. Ranar na fara ganin ka sauke amawali a gaban mutane, don ka share ido.

Takardar gwamnati dai har ka koma ga Allah ba ta iso ba. Jikokinka kuwa, idan an tambaye su 'yan ina ne, dabinon suke nunawa.

Allah ya jiƙan ka, ya jiƙan Malam Sule, ya sa ku maƙwabta a Aljanna, inda ba za a tambaye ka daga ina ka fito ba.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza