Bakwai Mai Zuciya

Talata Mafara, ranar Lahadi

Zuwa ga angona Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kawunka da mutanen Bakura duka. Yaya aikin shinkafa? Tun da aka kashe layin waya ka samu dalilin guje wa matarka, ko? To ga takarda ta hannun Sadi direba. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, aji huɗu aka cire ni.

Muna nan gidan gwaggonka Zahra'u, inda ka bar mu da Sallah. Jiki lafiya, hankali ne babu. Gero ya nuna a garinmu Gidan Goga, kakanka Dikko kuwa ya ƙi zama. Kullum yana wasa laujensa. Amininsa Maiwada na ta zuga shi su lallaɓa su yanko ko dami goma ne, alhali ka san su wa ke kwance a dajin nan, ka san abin da ya fito da mu ko takalmi babu.

Kartar da ka bar mini ita ta taimake ni, wasan nan na mutum ɗaya. Saurara ka ji ko ɗalibarka ta iya. A jera layi bakwai, na farko kati ɗaya, na biyu biyu, har bakwai, na sama kaɗai ke buɗe. Ja kan hau baƙi, baƙi kan hau ja, ƙarami bisa babba. Gurbin da ya zama fili sarki kaɗai ke zama cikinsa. Can sama akwai rumbu huɗu, kowane iri da nasa, a fara da ɗaya a bi har sarki. Ragowar na hannu uku-uku ake buɗewa, ba ɗaiɗai irin na ragwaye ba. In rumbunan sun cika an ci. Ni dai sau biyu na taɓa ci.

Kakanka ya gan ni a tabarma, ya ce tsufa ya kai ni ga aikin 'yan caca. Na ce ba kuɗi, ba abokin wasa, kai ne da haƙurinka, shi ya sa ma ba na maza ba ne. Ka san shi. Ya zauna ya gwada, ya sha ƙasa, ya sake, ya sha. Na yi dariyata har da buga cinya. Nan ya harzuƙa, a gaban Zahra'u ya rantse da Allah ba zai taka hanyar Gidan Goga ba sai ya cika rumbunan nan.

To matso da kunnenka. Da ya fita masallaci na zare katin bakwai mai zuciya na tura ta ƙarƙashin gwangwanin daddawa. Ko shekara zai yi rumbun nan ba ya cika. Kada ka kuskura ka aiko da sabuwar karta, in ka yi na sake ka.

Ka gaida kowa. Taka har kullum,
Baturiya

Talata Mafara, ranar Laraba

Sharhabilu maigidana,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Na ga amsarka. Ka ce in ji tsoron Allah. Ina ji, shi ya sa nake son tsohon nan ya mutu bisa tabarma a yi masa sutura, ba a daji ba.

Yau ban da bakin tsokana sosai. Wasan ya zama abin magana a unguwa. Maiwada ya zo har zaure ya ce da kakanka rantsuwa ai tana da kaffara, ya yi abinsa su kama hanya. Kakanka ya ce shi bai taɓa warware rantsuwa ba, ba kuma zai fara a kan takardun yara ba. Mutanen zaure suka yi masa dariya, har wani ya ce Dikko ya koma ɗan karta da furfura. Ina ji daga bayan katanga, raina ya ɓaci, don ni na jawo masa.

Ya kuwa ƙware, abin tsoro. Ya gane ba a gaggawar kai kati rumbu, a bar shi ƙasa ya ɗauki wani. Ya gane a fara tone layin da ya fi tsawo, kuma kada a buɗe gurbi in ba sarki a kusa. Ni da na koya masa yanzu kallo nake.

Zahra'u ta gano ni wajen ɗibar daddawa. Ta ce Inna kin mai da Baba abin dariya, ko ki mayar ko in mayar. Muka yi ta yi a tsakar gida, ban san ko muryarmu ta kai zaure ba. Washegari na ɗaga gwangwani, babu bakwai. Ta ce wallahi ba ita ba ce, amma ɗiyar nan tun tana ƙarama ta iya haɗe fuska. Kartar kuma yanzu a aljihunsa take kwana, balle in duba.

Gobe Maiwada da ƙanensa Bello za su tafi. Kakanka na zaune yana jera layi, ni ina nan ina tsinke zogale, duk katin da ya buɗe sai gabana ya faɗi. Ka taya ni addu'a kada ya ci.

Kakarka,
Baturiya

Talata Mafara, ranar Asabar

Sharhabilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu sai godiya.

Bello ya dawo shi kaɗai, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya ce sun fara yanka ke nan suka ji babura, kowa ya yi ta kansa. Har yanzu babu labarin Maiwada. Matarsa na nan ɗakina, ko kunu ba ta iya sha. Kakanka ya je wajen masu unguwa, ya dawo gida. Laujen nan ya ɗauka ya tura ƙarƙashin gado.

Jiya na kwashi kayansa zan wanke. Na ɗauki tsohuwar hularsa, sai warin daddawa ya buge ni. Na juya ta, ga bakwai mai zuciya a soke cikin ninkin, ta lanƙwashe da zufa. Ashe ya ji mu ranar nan. Ya riga Zahra'u zuwa gwangwanin, ya ɓoye ta inda ba mai mayarwa. Duk dariyar da aka yi masa a zaure, da katin nan a kansa ya sha ta.

Na daɗe tsaye da hular a hannu. Sannan na mayar da katin yadda na same shi, na rataye ta ba wanki.

Da la'asar ya shimfiɗa tabarma ya jera layinsa bakwai. Rumbu uku suka cika, na zuciya ya tsaya a shida. Ya tattara ya ce wanga wasa akwai wuya, Baturiya. Na ce ai na gaya maka ba na maza ba ne. Bai ɗago ba, ni ma ban dube shi ba.

Kada ka faɗa wa kowa, ko kawunka. Ku sa Maiwada a addu'a. In ka zo ka tarar da kakanka yana wasa, ka zauna ka ba shi shawara kamar da gaske.

Matarka da ba ta sake ka ba tukuna,
Baturiya