Wutar da ke Kan Alheri

Litinin, 3 ga Maris, 2025
Yau ma Alheri ta ɗauke. Tana cikin tankaɗe sai ta ƙura ido, na kira ta shiru, can ta dawo kamar ba komai. Tuni na hana ta zuwa makaranta, tsoro nake kada abin ya same ta a tsakiyar titi. Likita ya ce mu je Abuja a auna wutar ƙwaƙwalwarta. Babanta Markus ya ce wutar lantarkin da muka rasa a unguwarmu Chaza ce za a samo a kan yarinya?

Laraba, 5 ga Maris
Na kai ta kitso, na shafe kan da mai har yana ƙyalli. Ba za a ce 'yata ta shiga Abuja buzu-buzu ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Kunya! Ashe wayoyin gwajin ba sa kama fatar kai in akwai mai da kitso. Mai gwajin, wata Ifunanya, ko fuska ba ta ɓata ba. "Mama, kitso ya yi kyau, amma sai haƙuri." Tare muka tsefe, ta wanke kan da hannunta.

Da ta manna mata wayoyin a ka, sai layuka suka fara gudu a kwamfuta. Ta ce kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana fitar da 'yar wuta, amma waya ba ta jin guda ɗaya sai ta taro, kamar hayaniyar kasuwar Sabon Wuse in kana kan titi. Wai har da birai aka yi binciken kafin a gane haka. Ta sa Alheri ta yi ta hura iska. Yarinya ta ɗauke, layukan suka zabura tare, sama, ƙasa. "Kin gani? Duk sun ɗauki murya ɗaya ne."

Ikon Allah! Da idona na ga abin. Matar nan ta burge ni ƙwarai, har yanzu ita nake tunani.

Juma'a, 14 ga Maris
Wani nau'in farfaɗiya ne, in ji likita, kuma yana jin magani. Mun fara.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Alheri ta bi waƙa a coci har ƙarshe, ba ta ɗauke ba. Ni ce ban ji wa'azin ba don kallonta.

Litinin, 28 ga Afrilu
An koma makaranta. Kafin in buɗe baki ta sa kayanta. Na ce ta jira in raka ta, sai na tsaya neman takalmi har ta fita ita kaɗai.

Takalmin yana ƙafata.