Agogo a Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris

Na sake buga kafaɗata ta hagu a ƙofar ɗakin rubutu. Ƙofar nan tun da muka tare a gidan tana inda take, ba ta matsa ko'ina ba. Duk da haka na zage ta.

Edita ya kira, yana son jin labarin da zan kama don ya san inda zai sa ni a jerin littattafan baɗi. Na ce masa biyu ne a hannu: na ma'aikatan jirgin ƙasa, kaka da ɗa da jika, wanda na daɗe ina yi wa tanadi, sai na soyayyar nan ta makarantar koyon mota. Ban faɗa masa na uku ba. Na ukun ko kaina ba na son faɗa wa.

Alhamis, 6 ga Maris

Asibitin ido. Ni da na je a sauya min tabarau kawai! Suka sa na cusa fuskata cikin wata na'ura mai kama da kwano, aka ba ni abin dannawa, wai duk sanda na ga ɗigon haske in danna. Ina jin na'urar tana 'yar ƙara, alamar ta haska wani abu, ni kuwa ban ga komai ba. Don kunya har na fara dannawa a banza, kamar ɗalibar da ke cankar amsa.

Likita ya ce hawan jinin ido ne. Daga gefe yake ci, a hankali, shi ya sa mutum ba ya farga. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai zai yi. Ya tambaya ko akwai mai shi a gidanmu. Na ce mahaifina. Ya sunkuyar da kai ya rubuta.

Na ce shekara nawa suka rage min ina gani? "Malama, wannan ba wanda zai iya ce miki ga iyakarsa."

Juma'a, 7 ga Maris

Tsoro nake ji. Abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Lahadi, 9 ga Maris

Da can zaɓen labari ba ya hana ni cin abinci. Wanda ban yi bana ba, na yi baɗi. Yanzu wataƙila littafi ɗaya ne ya rage wanda zan iya gyarawa da idona.

Na jirgin ƙasa yana son shekaru, da tsofaffin jaridu masu rubutu kamar tururuwa. Na koyon mota zan gama shi da wuri, mutane su yi dariya, edita ya ji daɗi. Amma a ce abin da na ƙarar da idona a kai ke nan, saurayi yana koya wa budurwa ribas?

To bari in rubuta na ukun, in ga ko hannuna zai yarda. Baba. Gyaran agogo yake yi, ya makance ina firamare. Abin da na riƙe shi ne, bayan ya rufe shago ya kwaso agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, ya rataye su ko'ina a gida, kowace ƙofa da nata. Kullum da safe yana bin bango da lalube yana ba su wani, wato yana murɗa su don kada su tsaya. Gida ya cika da kas-kas-kas, ba inda za ka tsere. Ni na ɗauka hankalinsa ne ya bi idon. Ƙawayena ma na daina kawo su.

In na kama labarin nan, dole in koma cikin gidan, in zauna ina kallon inda ni ma na dosa. Ba zan iya ba.

Baban yara yana wurin aiki sai ƙarshen wata. A waya na ce masa tabarau ne kawai.

Talata, 11 ga Maris

Na je shagon Yaya. Tun littafina na farko haka muke: in zauna a kan buhun ƙyallaye in ba ta labarin da baki, ita tana ɗinki. In keken ɗinkin ya tsaya, labari yana da rai. In bai tsaya ba, ko ta yaba, banza ne. Ba ta taɓa karanta littafina ko ɗaya ba, wai ta riga ta ji, me za ta wahalar da kanta.

Na jirgin ƙasa: keke bai ko rage gudu ba. "To, madalla," ta ce, da allurai a baki. Na koyon mota: ta yi dariya har da buga cinya, amma ƙafarta tana kan aiki. Dariya ba ta shiga lissafi, ita ma ta sani.

"Su ke nan?" Na ce su ke nan. Ta leƙo ni ta saman tabaranta, na kama tattara jaka.

Asabar, 15 ga Maris

Mai babur ya kusa kwashe ni a bakin titi. Ta hagu ya fito, wallahi ban gan shi ba sai da iskarsa ta taɓa ni. Ya zazzaga min masifa ya wuce.

Da na dawo na rufe ido da gangan, da rana tsaka, in ga ko zan iya zuwa kicin daga falo. Na yi karo da kujera, na kifar da bokiti. Nan cikin ruwan na zauna na yi kuka kamar yarinya. Gidana ne fa, ni na jera komai da hannuna.

Laraba, 19 ga Maris

Ban yi niyya ba. Awo na kai wa Yaya, sai na ji bakina yana cewa akwai wani ɗan labari, na wani mutum mai gyaran agogo da idonsa ya tafi, hankalinsa ma ya bi. Ban kai ga jimla ta uku ba keke ya tsaya. Shagon ya yi tsit, har ina jin fankar sama.

"Yaushe likita ya faɗa miki?"

Na fara kame-kame. Ta ce in rufa mata baki. Wai zuwan da ya wuce na bugi teburin yanka da ƙugu, yau ma haka, kuma in za a kalle ta sai na juya kaina gaba ɗaya, irin na Baba sak. Ta yi kuka, na yi. Sannan ta share fuska da ƙyallen mutane ta hau ni da faɗa, wai na ɓata labari.

"Wa ya ce miki taɓuwa ya yi? Ke dai kina ƙarama, ba ki san komai ba sai tsoro."

Ashe kowane agogo da muryarsa, kuma da gangan ya zaɓe su. Mai nauyin nan mai bugawa a hankali yana ƙofar banɗaki, saboda akwai 'yar matakala. Ƙaramin mai sauri yana kicin, saboda wuta. Na ƙofar ɗakinsa kuwa ɗingishi yake, bugu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya ƙi gyara shi don kada ya saje da sauran. Da kunne yake yawo a gidan. "Kin taɓa ganin an kama masa hannu a cikin gidansa? Ko sanda kin taɓa ganin ya riƙe?"

Ban taɓa ba. Na duba iyakar tunanina, ban taɓa ba.

Na ce, shi bai ji tsoro ba ke nan? Ta ce, "Wa? Ranar da aka faɗa masa har amai ya yi a bayan shago, ni na wanke." Ban san dalili ba, wannan ya fi komai kwantar min da hankali.

Na sa ta yi alkawari ita ma za ta je a auna ta. Ta ce sai ta gama kayan mutane. Zan ja ta da ƙarfi.

Asabar, 22 ga Maris

Na faɗa wa baban yara. Ya ce gobe yana hanya. Edita ya kira, na bar wayar ta gaji don kanta.

Har yanzu in na ɗiga maganin, rabi a kumatu yake ƙarewa.

Talata, 25 ga Maris

Yaya ta zo da kanta, da wani abu naɗe cikin ragowar yadi. Mai ɗingishin ne. Ashe yana wurinta duk shekarun nan, tana ba shi wani, ba ta taɓa faɗa min ba, muguwa.

Na sa baban yara ya kafa ƙusa a gefen hagu na ƙofar ɗakin rubutu. Na ce masa don bincike ne kawai, ina son in ji yadda zan kwatanta ƙarar. Ya ce to, ya rataye agogon a kai.

Na ɗan yi rubutu, ba wani abin kirki ba, wani mutum ne dai yana tsaye a tsakar gida da safe yana saurare. Na aika wa edita cewa ban yanke shawara ba tukuna, ya ƙara min lokaci. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba.

Na shiga ɗakin na fita ban san sau nawa ba yau. Kafaɗata ba ta bugi komai ba.